Ki Gaya wa 'Yarki

Litinin, bayan azahar

Filaya ce ta nuna min wurin rubutun nan a waya, wai in riƙa sa lokacin maganin babanta kar in manta. To na sa. Fari da safe, ja bayan abinci. Sai na ga akwai sauran fili a ƙasa, ni kuma bakina cike yake ba inda zan juye, shi ne na ce bari in ci gaba da dannawa.

Mun dawo daga asibiti. Hannunsa na dama a naɗe yake har gwiwa. Abin da likita ya ce a kan yatsun nan biyu ba zan rubuta ba, Allah ne mai warkarwa. Ya ci shinkafa da hagu, rabi a baki rabi a riga, na yi kamar ina neman wani abu a ƙasa.

Dogo ya kawo jakar aikinsa. Dogo abokinsa ne a kamfanin ruwan gora, tun suna samari suke jan waya tare. Ƙaton mutum ya tsaya bakin ƙofa yana murza hula, ya kasa shigowa. Na karɓi jakar na tura ƙarƙashin gado, can ƙurya.

Talata, da safe

Bai yi magana ba. Bango yake kallo. Ni ban ga komai a bangon ba sai ƙusa.

Alhamis, bayan la'asar

Yau an yi ta a gidan nan.

Filaya ita ce babbar 'yarmu. Shi ya sa mata sunan tun tana jaririya, wai in ta kama yatsa ba ta saki, kamar filayar aikinsa ta kama waya. Har yau haka take. Shi ya kai ta makarantar koyon aikin wuta da ƙafarsa, shi ya kai ta kamfanin ta zama mataimakiyarsa, yana ta cika baki a unguwa. To yau ta durƙusa gabansa ta ce, Baba, kwamfutar da ke cikin akwatin nan ta ƙone ranar, an kawo sabuwa, manaja ya ce ni zan ɗaura.

Akwatin nan. Na wuta, wanda aka ɗauke shi a gabansa ranar da wuta ta ja shi.

Mutumin da tun asibiti ba a ji muryarsa ba, sai ga murya. Ya ce ba za ki taɓa ba. Ta ce Baba dole wani ya buɗe shi, ko ni ko ɗan wani, gara ni da nake tsoronsa. Ya ce in kin sa hannu a akwatin nan kar ki ƙara yi min magana. Sai ta ce to Baba.

Na san wannan to ɗin. Irin nasa ne.

Na so in ce ni ma bana so. Wallahi bana so. Amma in na faɗa mun zama biyu a kanta, sai na tafi na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Asabar, da hantsi

Ta fita da takalmin aiki. Ta gaishe shi ta bakin labule, bai amsa ba.

Asabar, da yamma

Ta dawo.

Lahadi, bayan azahar

Ina ba shi magani sai ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, ki gaya wa 'yarki.

Na ce yau kuma tawa ce ni kaɗai? Ya ce ki gaya wa 'yarki kashe makunni kawai ba komai ba ne. Ta kashe babban, ta sa masa kwaɗo, ta jefa makullin a aljihunta. Kowa da kwaɗonsa, kar ta yarda da na Dogo, Dogo da mantuwa aka haife shi. Sannan ta gwada mitarta a inda ta san akwai wuta, ta ga tana aiki, ta gwada akwatin, ta koma ta sake gwada mitar. Sai a lokacin za ta sa hannu.

Na ce Malam a hankali, ni ba rediyo ba ce. Ya maimaita, na danna a nan.

Na fita tsakar gida, tana zaune tana tsefe kai, tsakaninta da ɗakin bai kai tsawon tabarma biyu ba, ƙofa kuma a buɗe. Na karanta mata. Ta ce Mama ki gaya wa mijinki na sani. Na juya na ce wai ta sani. Ya ce na ji, ai ba kunnen ne ya ƙone ba.

Ni 'yasu. Na zama ɗan aike a gidana.

Litinin, da sassafe

Ashe ba ta da kwaɗon kanta, da nasa suke amfani, shi kuma nasa yana cikin jakar da ba mai taɓawa. Na cire na akwatin kayana na ba ta. Ta yi dariya ta ce Mama wannan ai ɗan mitsitsi ne, a kamfani akwai jajaye na musamman, za a ba ni. Na ce a ba ki, ki haɗa da nawa. Ta ɗaura makullin a zare ta rataya a wuya, ta tura cikin riga, na ce a'a, babanki ya ce aljihu, ba a shiga wurin wuta da ƙarfe a wuya. Ta kalle ni ta ce lallai Mama kin fara zama injiniya.

Zannuwana yanzu a buɗe suke. Ɓarawon da ke so ya zo ya ɗauka.

Litinin, da yamma

Ta dawo. Ya ci abinci.

Laraba, bayan la'asar

Saƙon yau a kan wayar ƙasa ne. Wai mai launin kore da rawaya. Wai ita ake fara ɗaurawa kafin kowace, ita ake cirewa a ƙarshe. Ta zama gajera, ta zama mai kauri, kar a yi mata ƙulli-ƙulli, daga jikin kwamfutar kai tsaye zuwa sandar tagulla da ke ƙasan akwatin.

Na ce wai ita me take yi ne, tunda ba ita ke kawo wuta ba? Ya yi min kallon nan nasa na kin tambayi abin da yaro ya sani. Amma fa na ga bakinsa yana so. Ya ce kin ga magudanar tsakar gidan nan? Duk shekara ba ta aikin komai, sai ranar da aka yi ruwan sama. To in wuta ta ɓalle ta hau jikin ƙarfe, hanyar zuwa ƙasa take nema. In ta samu wayar nan sai ta bi ta da gudu, makunni ya ji, ya yanke. In ba ta samu ba sai ta zauna ta jira.

Na ce ta jira wa?

Ya koma kallon ƙusarsa.

Alhamis, da azahar

Ban iya cin komai ba. Duk ƙarar ƙofa sai in miƙe.

Alhamis, da yamma

Ta dawo. Ta ce ta samo wayar da ta goge a jikin ƙofar akwatin, robarta ta cinye, ta canza ta. Na kai masa. Ya ce wannan na sani, ba shi nake tambaya ba. Na ce to me kake tambaya? Ya ce ki ba ni ruwa.

Juma'a, bayan an sauko

Yayarsa ta zo dubiya, Gwaggon yara. Ta zauna tsakar gida ta baje, ta sha shayi kofi biyu tana cewa ba ta shan shayi. Sai ta fara. Wai ni ce na lalata yarinya. Wai ina aka taɓa ganin mace da sukudireba a aljihu, hannu duk kanta kamar na maƙeri. Wai uban ma da ya iya ga yadda ta kaya, balle ita da ba ta san komai ba.

Sai muka ji daga ɗaki, ki gaya wa Yaya, yarinyar nan in ta ɗaure waya ko jaki bai cire ta. A kamfanin nan kaf ba mai hannunta. Har ni.

Gwaggo ta ce au, da ma kana ji? Ya ce ni ban ce komai ba.

Filaya tana kicin a lokacin. Da na shiga tana yanka albasa tana hawaye. Ta ce albasar ce. Na duba, ko ɓare ta ba ta gama ba.

Lahadi, da hantsi

Yau hutu, amma ta zo da kwamfutar gida a kwalinta don ta karanta littafin. Na ce nuna min abin da ya hana mu barci. Ni ina jiran in ga talabijin da madannai. Sai ga ɗan akwati baƙi kamar burodi, bayansa da tsaga-tsaga, ba fuska ba komai. Na ce wannan ne? Ta ce wannan ne yake gaya wa injin ya cika gora, ya rufe, ya tura. Na ce kamar uwar miji kenan, ba ta ɗaukar komai sai ba da umarni. Ta ce Mama za ki ja mana.

Ta ce ba ya cin wutar bango, in ka ba shi ya mutu. Akwai wani ɗan akwati da ke rage masa ita zuwa ashirin da huɗu, kamar yadda ake fifita wa yaro abinci. Waya biyu ce, kowace da raminta, in ka juya su an gama.

Ina fitowa ya ce ki gaya wa 'yarki kar ta yarda da launin waya, ja ba kullum ne ja ba, ta auna da mita kafin ta cusa. Kuma ta sa fis a gaba, abin nan da ke yankewa in wuta ta yi yawa, daidai wanda littafin ya ce, ba babba ba. Ta ce ki gaya masa na sayo (ta ɗaga murya) har da na ajiya. Ya ce ki tambaye ta mai saurin yankewa ne ko mai jinkiri. Ta ce ki gaya masa shafin yana hannuna in yana so ya gani.



Na ɗauki littafin na kai masa na ajiye a gefen gado na ce ni dai wuri nake nema in share. Da na dawo ya sa tabarau.

Litinin, da yamma

Ta dawo.

Talata, bayan azahar

Na ga wani abu kamar awarwaro na roba a jakarta, da igiya mai lanƙwasa. Na ce ke da aka hana zobe da ɗan kunne da wayar hannu a wurin aiki, wannan kuma fa? Ta ce wannan sai an kashe wuta an kulle ake sa shi, in za a buɗe cikin kwamfutar. Wai jikin mutum yana tara 'yar wuta, irin wadda ke tsunkulinka in ka cire rigar leda, ita kaɗai ta isa ta kashe kwamfutar. Na ce au. Ni da na ɗauka ke ake karewa, ashe ita ake karewa daga gare ki. To wa ke kare min ke?

Ta ce kwaɗonki.

Yarinyar nan ta iya rufe min baki.

Laraba, da safe

Na yi masa aski. Da can shi ke yi da kansa yana waƙa, muryar kamar ana jan kujera. Na yanke shi kaɗan a haɓa, ya ce da ke aka ba wayar kamfani da garin nan ya ƙone. Na ce alhamdulillahi, baki ya dawo.

Saƙo kuma. Wai siraran wayoyi masu kai magana kar ta kwantar da su hanya ɗaya da manyan na inji. Kowa da layinsa, in dole su haɗu su gitta juna su wuce. In ba haka ba manyan za su riƙa yi wa ƙananan ihu a kunne, kwamfuta ta ji ba daidai ba, gora ta fito rabi. Wannan kam na gane shi tas. Haka Gwaggo ke yi min.

Alhamis, bayan la'asar

Ba zan yi dogon rubutu ba.

Ina shafa masa mai a kafaɗa sai ya ce, wayar ƙasan nan ni na ɗaura ta. Da hannun nan. Na auna ta, ta yi kyau. Ya kamata wutar ta yanke kafin ta iso gare ni. Ba ta yanke ba. Na ce Malam ƙaddara ce. Ya ce na yarda da ƙaddara, amma noti ba ya kwance kansa. Wani abu na yi ba daidai ba, kuma ban san mene ne ba, kuma yana nan a ciki, kuma 'yata tana sa kai a wurin kullum.

Ya ce ba wutar nake tsoro ba, Maman yara. Aikina nake tsoro.

Na ci gaba da shafa man.

Juma'a, da yamma

Ta dawo.

Asabar, da yamma

Ta dawo. Bai aiko da komai ba yau. Na tsaya bakin ƙofa na ce ba saƙo? Ya ce babu. Na je na gaya mata babu. Ta ce to. Gara ihun da wannan.

Litinin, da azahar

An sa rana. Alhamis za a ba akwatin wuta. Dogo ya zo ya faɗa, wannan karon ya shigo har ɗaki. Suka zauna suna kallon ƙusa su biyu. Da zai tafi Malam ya ce ka tsaya a bayanta, kar ka je shan shayi. Dogo ya ce haba, ranar ma ai, sai ya haɗiye sauran. Malam ya ce ni na aike ka ranar, bar wannan.

Na ba Dogo ruwa a soro ya sha yana kuka. Ban san inda zan sa idona ba.

Laraba, bayan isha

An canza masa bandeji yau, ya sha wuya, aka ba shi magani mai ƙarfi, tun magariba yake barci.

Filaya ta shigo a guje ko sallama rabi ta yi, farcenta duk toka-toka. Ta ja ni kicin ta ce Mama na gano. Ta ce komai ta gama, sai ta ce bari ta auna tsakanin jikin akwatin da sandar ƙasa, mita takan yi kuka in hanya a buɗe take. Mita ta yi shiru. Waya ga ta nan lafiya, noti a ɗaure tam, mita shiru. Sai ta kwance notin.

Fenti.

Wai kwanaki da za a yi baƙi a kamfani an sa masu fenti sun shafe akwatunan duka, lokacin babanta yana hutu. Suka kwance wayar don kar ta ɓaci, suka shafa fenti mai kauri, ya bushe, suka mayar da ita a kai suka ɗaure da kyau. Su a ganinsu sun yi tsafta. Ido ba zai gani ba, waya tana nan amma ba ta taɓa ƙarfe, fenti take taɓawa.

Ta ce na kankare shi sai da ƙarfen ya yi ƙyalli, na sa wosha mai haƙora a ƙarƙashin notin, na ɗaure, na yi wa ƙofar ma tata wayar. Mita ta yi kuka har Dogo ya yi rawa. Sauran akwatunan ma mun kulle su, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Mama ba aikinsa ba ne. Aikinsa lafiya lau.

Muka leƙa, yana ta minshari. Ta ce ni da asuba zan fita, ki gaya masa in ya tashi. Na ce ke ki faɗa mana. Ta ce ya ce kar in yi masa magana. Na ce ke da shi Allah ya shirye ku.

Alhamis, bayan la'asar

Bari in zauna. Ƙafata ciwo take.

Da safe ta fita tun bai farka ba. Na ɗora shayi, na ce in ya sha magani sai in gaya masa a natse. To maƙwabcinmu mai shago yau ya ga dama ya shafa wa ƙofarsa fenti, wari ya cika gidan. Ina cikin tsaki sai na ji ƙara a ɗaki, kofi ya faɗi. Ya ce Maman yara! Fenti! Sun yi fenti da ina hutu! Ki gaya wa 'yarki ta kwance notin, kar ta ba shi wuta, ki kira ta!

Na buɗe baki zan ce ai ta gani. Wallahi maganar tana kan harshena. Sai na juyo na gan shi a tsaye. A tsakar gida. Ba takalmi, rana a fuskarsa, yana ƙifta ido kamar wanda aka fito da shi daga rijiya. Tun da muka dawo daga asibiti ko bakin ƙofar ɗakin bai taka ba sai in banɗaki.

Ni na san yarinyata lafiya take, da kunnena na ji. Sai na rufe bakina.

Ya kira wayarta, tana ta ringin, ai tana cikin lokar ajiye kaya tunda ba a shiga da ita. Ta Dogo ma haka. Ya ce ki ruga ki gaya mata. Na ce ni na gaji da aike, Malam. Noti, wosha, fenti, kafin in kai titi na zubar da rabi. Mai magana ya je ya faɗi abarsa. Ya kalle ni kamar zai cinye ni. Ya ce ina rigata.

Na sa masa maɓalli. Na ɗaura masa takalmi. Ya ce jakata. Na durƙusa na jawo ta daga ƙurya, duk ƙura. Allah ya yafe min, ina jawo ta ina dariya a cikin zani.

A tasi ya ishi direba, wai katantanwa ta fi shi. Direba ya ce Baba in kana sauri ka sauka ka tura mu. Mai gadi da ya gan shi ya ƙame kamar soja. Aka kifa min wata hular roba a kan ɗankwali, aka ce kar in wuce layin rawaya. Wurin duk goruna ne a jere ba motsi, ƙasa a jiƙe, ga ƙarar wani inji can nesa.

Sai na ga akwatin. Toka-toka, ya fi ni tsayi kaɗan. Ni da na ɗauka in na gan shi zan tofa masa yawu. Kamar kabad ne kawai. A jikin babban makunnin ga jan kwaɗo biyu, ga ɗan mitsitsina a tsakiya.

Tana durƙushe a gabansa. Ya ce Filaya! Fenti!

Ba ki gaya wa 'yarki ba. Filaya.

Ta juyo, ta kalle shi, ta kalle ni. Na kalli gorunan. Ta matsa gefe ta haska masa da tocila. Ya sunkuya. Ƙarfe yana ƙyalli zagaye da notin kamar sabon kwano. Ya daɗe a wurin. Ya sa hagu ya ja wayar, ya sake ja, ba ta motsa ba. Ta ce Baba haka na same ta, a kan fenti. Taka tana nan yadda ka ɗaura, ko tsatsa babu. Ta miƙa masa bakin mita ɗaya, ta riƙe ɗaya, suka ɗora. Ƙiiii. Ban taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba.

Ya goge ido da bandeji ya ce warin fenti ne. Dogo ya ce eh, ya dame mu duka.

Sai ya juyo kaina ya ce ke kin sani. Na ce ni ina na san wuta, aji nawa na yi?

Aka kirga kayan aiki aka fitar, aka rufe ƙofar akwatin. Dogo ya cire kwaɗonsa, ta cire nata, ta cire nawa. Ta tsaya gefe, ba gaba ba, ta juyar da fuska, hannu ɗaya a kan makunni, ɗaya a bayanta. Ta ce Baba in ɗaga? Ya ce aikinki ne, ni baƙo ne. Ta ce Baba. Ya ce bismillah, ɗaga.

Ni na rufe ido, ba zan ɓoye ba. Na ji ƙwas. Na ji shiru. Da na buɗe tana auna ashirin da huɗun nan kafin ta ba kwamfutar, sannan wata 'yar fitila kore, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, ta kama. Sati nawa ban yi barci ba saboda wannan 'yar abar. Goruna suka fara tafiya suna karo da juna, ruwa yana sauka, kowace ta cika har wuya.

Ta auna ƙofar da mita, ta nuna masa, babu komai. Ya matso. Na ce Malam. Bai ji ni ba. Ya ɗaga hannun, mai bandejin, ya ɗora a kan ƙofar, daidai wurin mariƙin. Ya bar shi a nan. Ita kuma ta ɗora nata a gefen nasa.

Ni dai na ce a nuna min banɗaki.

Juma'a, da hantsi

Tun a tasi jiya suke musu. Wai ta bar jelar abin ɗaure waya ba ta yanke ba, zai yanki hannun wani. Wai lambobin da ta manna a wayoyin sun yi ƙanana, sai mai idon shaho. Ta ce tabarau ne ya tsufa. Ya ce ubanki ne ya tsufa. Ta ce ban faɗa ba.

Yatsun suna nan yadda suke. Litinin za mu koma wurin likita. Amma ya ce kafin nan zai je ya zauna a kujera yana kallo su bi sauran akwatunan, don Dogo in ba a tsaya a kansa ba sai ya tsallake ɗaya.

Juma'a, da yamma

Suna tsakar gida, littafin a tsakaninsu, murya har titi, a kan fis. Na wuce ta gabansu da tsintsiya, na dawo da bokiti, ba wanda ya ce ki gaya. An sallame ni daga aiki ko na gode babu.

Bari in je in ɗora ruwa in yi wanka, yau sai na daɗe a ciki.